Gyara Kafin Ado: Nasiha a Kan Sandar Giya

Daga cikin abubuwan da wayar hannu ta kawo mana a 'yan shekarun nan, waɗanda samarinmu masu sha'awar mota suka karɓa hannu bibbiyu, akwai wata irin sandar giya da ake ƙerawa a Amurka da Turai da Japan domin motoci masu giyar hannu, wadda fa'idarta ita ce ta taƙaita nisan da hannun direba yake tafiya tsakanin giya da giya, ta yadda da ɗan motsi kaɗan zai fita daga ta biyu ya faɗa ta uku. Tare da ita akan sayar da wasu 'yan ƙananan zobba na roba mai tauri ko na ƙarfe, waɗanda kanikawa ke kira bushin, domin a musanya su da waɗanda kamfani ya sa tun asali. To, da yake al'amarin ya fara yaɗuwa, har ana aiko da kayan daga ƙetare da kuɗi masu nauyi, ya kamata a zauna a auna shi da mizanin hankali, a bambance abin da yake gyara da abin da yake ado. Ra'ayina a taƙaice shi ne, canjin bushin da ya mutu wajibi ne a kan duk mai motar da ke tausayin dukiyarsa, amma sanda mai gajeren zango halal ce kawai, ba ta warkar da wata cuta, kuma bai dace a ɗora ta ba sai a kan giyar da aka tabbatar da lafiyarta.

Ya kyautu mu fara sanin inda abin ya samo asali, domin kowane kayan aiki an ƙago shi ne saboda buƙatar wasu mutane a wani zamani. A Amurka, wajen ƙarshen shekarun 1950, yawancin motoci masu giyar hannu sandarsu a jikin sitiyari take, kamar yadda dattawanmu suka sani a Peugeot 404, kuma tsakaninta da giyabos akwai ƙarafa masu gaɓoɓi da yawa waɗanda ke sa ta zama sako-sako. A lokacin kuwa samarin ƙasar sun duƙufa a kan wani tsere na rubu'in mil, wato kimanin mita 400, a miƙaƙƙen fili, inda ake cin nasara ko a faɗi da tazarar ƙiftawar ido. Wani mutum mai suna George Hurst ya shahara da ƙera musu sandunan giya na ƙasa, masu ƙarfi da gajeren zango, har ta kai kamfanin Pontiac ya riƙa sa sandarsa a motar GTO tun daga 1964. Ke nan a filin tsere aka haifi wannan sanda, domin mutumin da ke farautar ƙiftawar ido, a motar da ake yawan kwancewa ana dubawa.

Mu kuwa halinmu dabam ne, kuma duk wanda ya ƙi lura da wannan bambanci zai ɗauki maganin wani ya sha a kan ciwon da ba irin nasa ba. Tun da kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa mota a Kaduna a 1975, giyar hannu ta zama ita ce giyar mai neman abinci a ƙasar nan, kuma har yau Golf da Sharan da Corolla da Hiace da ke jigilar jama'a tsakanin garuruwanmu, yawancinsu sun zo mana ne ta Kwatano ko ta Ikko bayan sun gama hidimar shekaru a Turai. Da isowarsu sai su haɗu da zafin bazara wanda ke busar da roba har ta tsattsage, da ƙurar hunturu wadda ke cuɗuwa da giris ta riƙa cin duk abin da ta shiga tsakaninsa, da man da ke ɗiga daga inji yana jiƙa roba har ta kumbura ta yi laushi, ga kuma ramukan hanya da cunkoson gari inda hannun direba ba ya sauka daga kan giya. Saboda haka idan sandar giyar irin wannan mota tana lilo, mafi rinjayen zato shi ne tsufa ya kama gaɓoɓinta, ba wai kamfani ya yi kuskure a tsawon zangonta ba.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin fadama ya ga mai lambu yana ban ruwa da jigo, ya riga ya ga asalin ilmin sandar giya. Jigo doguwar sanda ce da aka ɗaure a kan wani gicciye, gefe ɗaya dogo mai ɗauke da guga, gefe ɗaya gajere mai ɗauke da curin laka, kuma da za a matsar da wurin ɗaurin da taƙi ɗaya, da nisan da gugan ke tafiya da nauyin da mai lambu ke ji a hannunsa duk sun canja. Haka sandar giya take: akwai wani ƙwallo a daɓen mota wanda take juyawa a kansa, samansa dogon sashen da ke hannun direba, ƙasansa gajeren sashen da ke tura ƙarafa ko wayoyin da suka tafi giyabos. Wannan ƙa'ida tsohuwa ce ƙwarai, domin Arshimidas na Yunan ya kafa hujjarta a ƙarni na uku kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam, kuma Sabitu bin Ƙurra, masanin lissafin Bagadaza wanda ya rasu a 901, ya wallafa littafi a kan ma'aunin da ke aiki da ita. Natijarta kuwa ɗaya ce tun wancan zamani har gobe, cewa abin da ka rage a nisa sai ka biya shi da ƙarfi.

Bari mu buga misali da lissafi domin maganar ta fito fili. Mu ƙaddara sandar tana da santimita 25 a saman ƙwallon, da santimita 5 a ƙasansa. Idan giyabos yana buƙatar a tura shi santimita 2 kafin giya ta shiga, hannun direba zai yi tafiyar santimita 10. Maƙerin sanda mai gajeren zango sai ya ɗaga ƙwallon sama kaɗan, saman ya koma 24, ƙasan ya koma 6, sai tafiyar hannu ta dawo santimita 8. An sami ragin kashi 20 cikin ɗari na nisa, amma ƙarfin da hannu zai sa ya ƙaru da rubu'i. Giyabos ɗin kuwa bai san an yi wani canji ba, domin santimita 2 ɗin da yake buƙata jiya ita yake buƙata yau. Wannan shi ne iyakar abin da sandar take yi, kuma wanda ya ce tana ƙara wa inji ƙarfi, ko tana rage shan mai, ya faɗi abin da ba shi da hujja a kansa.

Shi kuwa bushin, duk da ƙanƙantarsa, shi ne ke riƙe da amanar saƙon da hannu ke aikawa. A kowace gaɓa da ƙarfe ya haɗu da ƙarfe, tun daga ƙwallon sanda har zuwa bakin giyabos, akan sa wannan zobe domin ya cike tsakani, ya hana gugar juna, ya kuma shanye karkarwar inji kada ta iso hannun direba. Na taɓa tsayawa a wani gareji a Kano, wani mai tasi ya shigo ransa a ɓace yana cewa, "Oga, giyar nan ta gama aiki, sai na yi ta lalube kafin in sami lamba ɗaya, ribas kuwa sai da addu'a." Bakaniken, wani dattijo mai natsuwa, ya kama sandar ya jijjiga ta alhali tana cikin giya, ta tafi dama ta dawo hagu kamar tana firi, sai ya ce, "Alhaji, kada ka yi saurin yanke hukunci, bari yaro ya shiga ƙarƙashi tukuna." Da yaron ya fito sai ga abu a tafin hannunsa bai fi kan babban yatsa ba, baƙi, ya tsage gida biyu, ramin tsakiyarsa da ya kamata ya zama da'ira ya ci ya koma mai tsawo, gefensa yana marmashewa in an murza. Aka sa sabo, aka shafa giris, giya ta koma shiga ɗaya bayan ɗaya ba gardama, mai tasin da ya zo da niyyar sauke giyabos ya tafi da kuɗinsa a aljihu.

A nan ne ruɗin sanda mai gajeren zango yake, kuma shi ya sa nake jan kunne. In muka koma ga lissafinmu na ɗazu, idan mataccen bushin ya bar sarari na milimita 2 a ƙasa, hannu zai ji lilo na milimita 10 da tsohuwar sanda, da sabuwar kuwa sai ya ji milimita 8, ga kuma nauyin da ya ƙaru wanda ke sa mutum ya zaci abin ya ɗaure. Sai mai mota ya yi murna ya ce an sami lafiya, alhali sararin yana nan yadda yake, yana ma ƙara faɗi, kuma giyar da ba ta samun cikakkiyar tura ba ta zama daram a mazauninta, sai haƙoranta su riƙa kamawa rabi da rabi suna cinyewa a hankali, har ranar da za ta fara fitowa da kanta a tsakiyar tafiya. Abin da aka saya da tsada ya rufe alamar ciwo, ciwon kuwa ya sami sararin yin nisa.

Akwai kuma wata haƙiƙa da ke cikin giyabos wadda samari masu gaggawa ba su cika sani ba. Kafin giya ta shiga ba tare da ƙara ba, dole ne gudun haƙoran da za su haɗu ya daidaita, kuma masu wannan aiki wasu zobba ne, galibi na tagulla, waɗanda ke gugar jikin giyar su rage mata gudu ko su ƙara mata, sa'an nan su ba da hanya. Kamfanin Cadillac ne ya fara sa wannan hikima a motocinsa a 1928, kafin nan kuwa sai direba ya taka kuloci sau biyu yana daidaita gudun da totur da kunnensa. To, waɗannan zobba suna da nasu lokacin da ba sa ƙetarewa, kuma su ne ke ƙayyade saurin canjin giya, ba tsawon sanda ba. Wanda ya sa gajeren zango ya riƙa fizgar giya da ƙarfi domin ya ji daɗin sauri, yana tilasta wa zobban ne su yi aikinsu cikin rabin wa'adinsu, ba da daɗewa ba zai fara jin ƙara in zai shiga ta biyu ko ta uku, daga nan sai sauke giyabos. Hausawa sun ce sauri kan haifi nawa, kuma ban san inda wannan magana ta fi gaskata ba kamar nan.

Saboda haka tartibin da ya dace shi ne a fara bincike kafin a fara saye. Idan sanda tana lilo alhali tana cikin giya, a duba bushin da ƙwallon da take zaune a kansa. Idan giya tana shiga da sauƙi in inji yana kashe, amma ta yi tauri ko ta yi ƙara in an tayar da shi, to kuloci ne ba ya saki sosai, sai a duba mansa ko wayarsa ko faifansa. Idan sanda tana motsi gaba da baya duk lokacin da aka taka totur aka saki, a duba robobin da inji da giyabos suke zaune a kansu. A kuma duba man giya, yawansa da irinsa, domin da yawa daga cikin giyabos masu zoben tagulla kamfani ya ƙayyade musu mai mai lamba GL-4, shi kuwa GL-5 an yi shi ne galibi domin aksul ɗin baya, kuma zuba mai kaurin da ya wuce ƙa'ida yana sa giya ta yi tauri da sanyin safiya. Abin da littafin motar ya faɗa shi ne abin bi, ba abin da ya sawwaƙa a shagon mai sayar da mai ba.

Malaman usulu, musamman Imam Shaɗibi na Andalus, wanda ya rasu a 1388, sun kasa maslahar ɗan Adam gida uku: abin da yake larura wanda rayuwa ba ta tsayuwa sai da shi, da abin da yake buƙata wanda rashinsa ke jawo ƙunci, da abin da yake kyautatawa wanda ke ƙara armashi kawai, suka kuma tabbatar da cewa ba a gabatar da na ƙarshe a kan na farko. Wannan mizani da aka kafa domin manyan al'amura yana da amfani har a bakin gareji. Birki da taya da sitiyari larura ne, domin rayuka ne a kansu. Kuloci da man giya da bushin buƙata ne, domin sakaci da su yana jawo hasarar dukiya mai yawa. Sanda mai gajeren zango kuwa kyautatawa ce tsantsa. Saurayin da tayoyinsa suka suɗe, birkinsa yana kuka, ya kwashi kuɗi ya aika ƙetare a sayo masa sandar giya, ya juya tartibin da hankali da shari'a suka yi ittifaƙi a kansa, kuma wannan shi ne almubazzaranci ko da kuɗin nasa ne na halal.

Adalci ne kuma in faɗi hujjar masu son abin, domin ba su rasa gaskiya ba. Wasu motocin zangon giyarsu yana da tsawo ƙwarai, har gajeren mutum sai ya ɗaga kafaɗa daga kujera kafin ya kai ta biyar, kuma sanda mai kyau da aka ɗaura bisa ƙa'ida a kan lafiyayyen giyabos tana sa kowace giya ta faɗa wurinta da tabbaci, wanda hakan daɗi ne na halal ga mai son tuƙi. Ban ga laifin wanda ya cika sharuɗɗa ya nemi wannan daɗi ba. Sai dai ya san farashinsa tun da wuri: hannu zai ƙara jin nauyi, kuma in ya haɗa da bushin na ƙarfe ko na roba mai tauri sosai, karkarwa da gurnanin giyabos da robar kamfani ke shanyewa za su riƙa isowa cikin mota. Mai fita yawon shan iska da yamma zai iya jure wannan, amma direban haya da ke wuni daga Kano zuwa Maiduguri, ko mai tasin da ke cikin cunkoso tun asuba, ƙarin wahala kawai zai saya wa kafaɗarsa.

Wanda ya ƙuduri aniyar sawa, to ya yi aikin da itƙani. A ajiye mota a shimfiɗaɗɗen wuri, a sa giya a firi, a ja birkin hannu, a tokare tayoyi, a bar salansa ta huce domin gaɓoɓin suna kusa da ita, kuma kada wani mahaluƙi ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, sai an kafa mata matokara masu ƙarfi. Kafin a kwance kowane noti a sa alama a wurin da yake, a ɗauki hotonsa da waya, domin daidaiton gaɓoɓin nan a milimita ake auna shi. A wanke tsohon giris da ƙurar da ke cikinsa, a shafa sabo irin wanda ba ya cin roba. Da yake ƙasan sabuwar sanda ya fi na tsohuwar tsawo, a tabbata ba ya taɓa salansa ko farfela ko murfin da ke kare zafi. A tabbata makarin da ke hana faɗawa ribas bisa kuskure yana aiki. Sa'an nan a gwada kowace giya inji yana kashe, a sake gwadawa yana tashe, a fita hanya a hankali, bayan 'yan kwanaki kuma a koma a ƙara ɗaure notuna.

Haɗari biyu ne nake so a kiyaye su musamman. Na farko, wasu sandunan suna matse tazarar da ke tsakanin layukan giya ta gefe, har mai gudu a babbar hanya da ke son saukowa daga ta biyar zuwa ta huɗu ya faɗa ta biyu, kuma da zarar ya saki kuloci tayoyi za su tilasta wa inji juyin da ya wuce iyakarsa, bawul ya haɗu da fistin, ko motar ta ƙwace a tsakiyar titi. Na biyu shi ne jabun kaya da dabarar ganin dama, kamar sandar da ba a san maƙerinta ba wadda waldarta ke iya ɓallewa, ko yanke tsohuwar sanda a ƙara mata guntun ƙarfe a bakin hanya. Araha ba ta ado, balle a abin da in ya karye mutum zai rasa giya a gaban tirela.

Ga 'yan'uwana kanikawa kuwa, maganata ita ce mota amana ce a hannunku, kuma mai ita ya zo muku ne domin kun san abin da bai sani ba. Ɗaure gaɓar giya da tsinken waya ko da robar tsohon tif dabara ce ta fita daga daji, wadda larura ta halatta, amma bai halatta a mai da ita gyara na dindindin a karɓi kuɗin aiki a yi shiru ba. Haka kuma bai halatta a ce wa mutum giyabos ɗinsa ya mutu alhali an san ƙaramar roba ce, wadda in an nema a kasuwar Ƙofar Ruwa ko ta Panteka ba za ta kai kuɗin ma'aikatan da za su sauke giyabos ba. Bakaniken da ya faɗi gaskiya a kan ƙaramin aiki, shi za a kawo wa babban aiki gobe, ga kuma albarkar da ke cikin abin da ya samu.

Saboda haka, ya kai mai mota, kafin ka aika da kuɗinka ƙetare, ka je ka kama sandar giyarka ka jijjiga ta tana cikin giya, in ta yi lilo ka sa a canja bushin da irin na kamfani ko mai ingancinsa, ka duba kuloci da man giya, ka daina ɗora hannu a kan sanda in ba canji za ka yi ba, ka riƙa taka kuloci har ƙasa, ka ba giya lokacinta. In ka yi wannan, mafi yawan abin da kake nema a sabuwar sanda za ka same shi a tsohuwar, da kuɗi kaɗan. In kuma bayan haka har yanzu ranka yana son gajeren zango, birkinka da tayoyinka lafiya lau, haƙƙin iyalinka ya fita, to ka sayi mai kyau ka ba gwani ya ɗaura maka. Allah Ya kiyaye mu a hanyoyinmu, Ya sa albarka a abin hawanmu.